Sun cire anlimited sun kawo hawa-hawa: wata uku ina gwada sabon tsarin data a shagona na Samaru

Mutane sun dame ni da tambaya a shago, wai ya na ga sabon tsarin datar rauta tunda aka cire mana anlimited, shi ne na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, don na gaji da maimaita magana ɗaya ina tsaye da sitefila a hannu. Sunan kamfanin dai ba zan kama ba, ba faɗa na zo yi ba, kuma in ka duba na sauran ma za ka tarar duk kanwar ja ce.

Shagona a Samarun Zariya yake, ba nisa da babbar ƙofar jami'a. Fotokwafi, buga takardu, bayindin furojet, cike fom a intanet, ciro silif na jarrabawa, biyan kuɗin makaranta ta Remita, irin wannan dai. Kwamfuta huɗu, firinta biyu, yara biyu da nake biya. In babu intanet rabin aikin ya tsaya, sai dai mu yi ta kallon juna muna korar ƙuda.

Bari in fara da gaskiyar da mutane ba sa son ji: wancan anlimited ɗin da muke ta kuka a kai dama can ba anlimited ba ne. Na fi shekara ban gane ba. Duk wata da an kai wajen ashirin ga wata sai abu ya fara jan ƙafa, shafi ya yi ta juyawa kamar fanka mai mutuwa, ni kuma in ce sabis ne, in ce hazo ne, in ce ko ruwan da aka yi jiya ne. Har benci na taka na ɗaure rautar a saman taga da robar taya wai don ta fi kama sabis, yarona yana ƙasa yana kallon sandunan yana cewa "oga ƙara dama kaɗan, yauwa, a'a ya koma biyu". Sai da wani ɗalibi mai karantar kwamfuta ya zo buga aikinsa ya ga wahalar da muke sha, ya buɗe sharuɗɗan nan masu ƙananan rubutu da ba wanda yake karantawa, ya nuna min layin da suka ce in ka kai adadi kaza za a rage maka gudu har ƙarshen wata. Ya lissafa min a bayan rasit: in an mai da kai 512 kilobit a daƙiƙa, ka raba da takwas, kilobait 64 ke nan, fayil mai mega 100 sai ya ci maka minti 26 kafin ya sauka. To ka ji. Famfon ba a rufe shi ba kam, amma ɗigo yake yi, in kana da haƙuri ka tara bokiti.

To wata uku da suka wuce sai ga saƙo, wai an "inganta" mana tsari, tsohon ya daina aiki daga ƙarshen wata, a zaɓi ɗaya cikin sababbi. Duk ranar da kamfani ya ce ya inganta maka abu ka taɓa aljihunka ka ji ko yana nan. Na hau mashin na tafi ofishinsu a Sabon Gari, na yi layi kusan awa guda, na samu wata baiwar Allah a kanta, kuma tsakani da Allah ta yi min bayani cikin mutunci. Na ce "Hajiya ni fa tsohon nake so, ko da an ƙara kuɗi." Ta ce "Malam ka yi haƙuri, ko a kwamfutata ma an cire shi, ba abin da zan danna ya fito." Ta juyo min da takarda mai hawa uku: ƙarami, matsakaici, babba, kowanne da adadin gigarsa da kuɗinsa, in ya ƙare ya ƙare, sai ka sayi ƙari.

A nan ne na ga dabarar. Na duba abin da nake ci a wata, yana kaiwa wajen giga 280 in ana karatu. Ƙaramin na gida ne, mai mata da 'ya'ya biyu da talabijin ɗaya, ban ma kalle shi ba. Matsakaicin ya gaza abin da nake buƙata da kaɗan, kamar tela ya ɗinka maka riga ya rage mata taƙi ɗaya da gangan, tana shiga amma ba ka iya ɗaga hannu. Babban kuma ya yi min yawa nesa ba kusa ba, kuɗinsa kuma ya kusa ninka wanda nake biya a da. Tsakanin biyun nan babu komai, fili ne fetal, kuma na tabbata yawancin masu shago irina a wannan filin muke zaune. In ka ɗauki matsakaici ya ƙare maka ana saura kwana biyar, ƙarin da za ka saya kowace giga ta fi tsada a kan ta cikin tsarin, ka yi ƙari biyu sai ka ga ka biya kuɗin babban ba ka samu datar babban ba. Ragowar data kuma wai tana bin ka zuwa wata na gaba, amma sai in ka sabunta kafin ranar ƙarewa, in ka makara da awa ɗaya ta bi ruwa.

Da abin ya dame ni na je na karanta yadda aka faro wannan salon, ashe tsohon zance ne, a Amurka sun sha shi tun 2010. Kamfanin sadarwa na AT&T, wanda a lokacin da layinsa kaɗai ake sayar da iPhone a can, a watan Yunin 2010 ya daina bai wa sababbin kwastomomi anlimited ɗinsa na dala 30, ya kawo hawa biyu, mega 200 a dala 15 da giga 2 a dala 25, hujjarsu ita ce wai 98 cikin 100 na masu manyan wayoyi ba sa wuce giga 2 a wata. Giga biyu fa a wata! Yau ƙanwata tana cinye ta a TikTok tsakanin azahar da isha'i. Abokin gasarsa Verizon ya biyo baya a Yulin 2011. Tsofaffin kwastomomin AT&T an bar su da anlimited ɗinsu, amma aka riƙa shaƙe musu gudu in sun kai wani adadi, sak abin da ya sa na hau benci, sai dai su can hukumar kare masu saye ta FTC ta maka kamfanin a kotu a 2014, a 2019 ya amince ya biya dala miliyan 60 a mayar wa mutane. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne a Fabrairun 2017 Verizon ya dawo da anlimited da kansa, ba don tausayi ba, don T-Mobile da Sprint suna ta kwashe masa kwastomomi da nasu. To mu nan wa zai kwashe wa wa? Kamfanoni huɗu ne, a unguwa ɗaya da ƙyar ka samu biyu masu sabis na kirki, wayar fayiba ba ta iso layinmu ba, Starlink mai intanet ta tauraron ɗan'adam kuwa tun Janairun 2023 ya shigo Najeriya amma kuɗin kwanon kaɗai sai na sayar da firinta.

Ba zan ce ba su da nasu uzurin ba, ni ma ɗan kasuwa ne. Ƙarfen sabis da dizal yake aiki dare da rana, kayan aikinsu da dala ake sayowa, naira kuma tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a dala ta haura 1,500 a 2024. MTN kaɗai ya bayyana asarar kusan naira biliyan 400 a 2024. A Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100, su kamfanonin 100 ma suka nema, kuma rabon da a taɓa farashin tun 2013. Ni kaina fotokwafin da nake yi a da ba haka nake yin sa yanzu ba, rim ɗin takarda ya tashi, tona ta tashi, man janareta kam ba a magana, ba wanda ya yi min zanga-zanga. Sannan ƙarfe ɗaya dubban mutane ke rataye a jikinsa kamar rijiyar unguwa, in mutum goma suka zo da tankar ruwa sauran ba za su samu na alwala ba. Na ga wannan da idona lokacin yajin aikin malaman jami'a na ASUU na 2022, wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba, Samaru ta zama kufai, sabis kuwa gudu yake kamar me, bidiyo ko tsayawa ba ya yi, sai dai ba kwastoman da zan yi wa aiki da shi. Ɗalibai na dawowa ya koma gidan jiya.

Yanzu abin da na ji daɗinsa, don akwai. Na farko gudun ba ya raguwa, daga gigar farko har ta ƙarshe abu ɗaya ne, babu wannan shaƙewar ta ashirin ga wata, kuma ni wallahi na fi son a ce min ga adadinka ƙarara da a yi min daɗin baki ana murɗe famfo a ɓoye. Na biyu manhajarsu tana nuna abin da ya rage da abin da aka ci kullum, ko ka danna *323# ka gani. Na uku, kuma shi ne ya fi ba ni dariya, tsarin ya tona asirin ɓarayin cikin gida. Satin farko na ga giga 90 ta tafi, na ce innalillahi, na shiga shafin rautar in ga su waye a kai. Na'ura goma sha bakwai! Ni da na san kwamfuta huɗu ne da wayoyinmu uku. Ashe faswod ɗin ya zaga layin kaf, telan da ke jikinmu, mai POS, mai gyaran waya, har mai shayin tsallake, duk albarkacin yarona da ba ya iya cewa a'a. Shi kansa in ba kwastoma ƙwallo yake kallo a YouTube da hoto mafi kyau, wanda awa ɗaya ke iya lashe giga biyu. Ga kuma kwamfutocin da ke sabunta Windows da kansu cikin dare, kowacce ta zuƙi nata. A zamanin anlimited duk wannan ba na gani, shi ne ma yake sa mu kai iyakar da wuri a shaƙe mu, ina can ina zargin hazo.

Na canza faswod da daddare, na saita kwamfutocin su san datar a ƙirge take kada su sauke komai sai an ce musu, na mai da YouTube ƙaramin hoto. Washegari da safe sai ga mai shayi ya tsallako da kofi a hannu, ya gaishe ni da ladabi, ya ce "Alhaji lafiya kuwa yau sabis ɗinmu ya ɗauke?" Sabis ɗinmu fa!

Abin da bai yi min ba kuwa, ban da tsadar da wancan filin da ke tsakiya, shi ne magariba zuwa goman dare har yanzu abin a daddafe yake. Ka biya babba ka biya ƙarami, cunkoson ƙarfen ɗaya ne, kuɗinka adadi ya saya maka bai saya maka hanya ba. Sai saƙon gargaɗi da ke zuwa a makare. A wata na biyu, ranar da ake rufe wata rajista, shago cike, wani dattijo ya taho tun daga Giwa da 'yarsa, mun cike komai saura a ɗora hoto a biya, kawai shafi ya tsaya. Na ɗauka sabis ne, na kashe rauta na kunna, sai bayan minti goma saƙo ya shigo wai na cinye kashi 80, wani ya biyo shi nan take wai ta ƙare gaba ɗaya. Na je sayen ƙari, banki ya cire kuɗi data ba ta shigo ba. Dattijon nan bai ce komai ba sai "ɗana a yi a hankali, Allah ya sa dai kada a rufe", wannan ya fi min zafi a kan ya zage ni. Da hotsifot ɗin wayata muka ƙarasa. Na kira 300 na yi minti ashirin ina jin kiɗa, datar ba ta shigo ba sai washegari da hantsi, ba ko ba-haƙuri. Wani ya ce in kai ƙara NCC ta 622, layin kyauta ne, na ajiye lambar dai saboda gaba.

In maki zan bayar, biyar da rabi cikin goma. Mai gida da ke son iyali su yi WhatsApp da ɗan kallo, ƙaramin zai ishe shi in ya riƙe faswod ɗinsa da kyau, wataƙila ma ya fi masa sauƙi a kan da. Ɗaliban da ke haɗa kuɗi su huɗu ko biyar a ɗaki a Hayin Dogo ko Zango, ku yi lissafi tukuna kafin ku saya, mutum ɗaya mai sauke finafinai zai cinye na kowa a kwana goma a zo ana rigima. Mai shago irina kuma, kada ka zaɓa da ka, ka duba abin da ka ci wata uku a jere bayan ka kori 'yan alfarma, ni da na yi haka 280 ɗin nan ta sauko wajen 190, matsakaicin ya zama yana kai ni ƙarshen wata da ƙyar da jiɓin goshi.

A kansa nake yanzu. Na sayi layin wani kamfanin na sa a tsohuwar waya a aljihun tebur saboda ranar da za a sake yin irin ta dattijon Giwa, na rubuta ranar sabuntawa da alƙalamin maka a bango saman firinta inda ba zan manta ba. Mai shayi kuma mun daidaita, na sa masa faswod da hannuna a waya ɗaya tak ban bari ya gani ba, shi kuma kullum da safe shayi da biredi rabi, in ya sa ƙwai ranar na san akwai wasan Barcelona da daddare.