Bellamy ko Morris: me ya sa masu karatu suka rabu a kansu?

Malam, ka tambaya me ya sa wasu a zauren nan ke yabon littafin Looking Backward na Edward Bellamy har kamar su haɗiye shi, wasu kuma na cewa barci kawai ya sa su, sannan ka ce ko News from Nowhere na William Morris ya fi shi. To, rabuwar kan ba yau ta fara ba, domin littafi na biyun martani ne aka yi wa na farkon.

Edward Bellamy ɗan Amurka ne, ya fitar da nasa a 1888. Wani matashi mai dukiya a Boston, Julian West, ya kwanta barci a 1887, bai farka ba sai a shekarar 2000. Ya tarar duk masana'antu sun koma hannun ƙasa, kowa yana aiki cikin rundunar ma'aikata daga shekara 21 zuwa 45, sannan ya huta. Babu albashi, kati ake ba kowa mai daraja ɗaya, da likita da lebura, ya je rumbun gwamnati ya zaɓi kaya. Wurin da ya fi kama zukatan masu karatu yana farkon littafin, inda ya kwatanta al'umma da keken da talakawa ke ja da igiya cikin laka, masu hali na zaune a sama suna jajanta musu, amma kowa ya ƙanƙame kujerarsa kada ya faɗo. Mutanen da suka ga yajin aiki da yunwa da idonsu ba su ɗauke shi tatsuniya ba. Sun kafa ƙungiyoyi fiye da 160 a Amurka don ganin abin ya tabbata, kuma Ebenezer Howard, wanda ya ƙirƙiro tsarin birane masu lambuna a Ingila, yana cikin waɗanda littafin ya zaburar. Bellamy da wayonsa bai kira tsarin nasa gurguzu ba, ya ce kishin ƙasa ne, don kada ya firgita masu matsakaicin hali.

William Morris kuwa ɗan gurguzu ne da ba ya ɓoyewa, kuma mai sana'ar hannu, shi ya sa littafin ya tsaya masa a wuya. Ya soke shi a jaridar Commonweal a 1889, ya ce rayuwar inji ce, a 1890 kuma ya fara buga nasa labarin kashi-kashi a jaridar. Shi ma mutuminsa, William Guest, barci ya yi ya farka a wata sabuwar Landan. Sai dai nan babu gwamnati, babu kuɗi, babu kati. Ya miƙa wa mai kwalekwale kuɗin fito, mutumin ya tsaya yana kallon tsabar da mamaki. Ya shiga shago, yara suka ba shi lofe mai ado da taba kyauta. Ginin majalisar dokoki an mayar da shi ma'ajiyar taki, kuma ina jin Morris da murmushi ya rubuta wannan. A wajen Bellamy sauyin ya zo salin alin, kamfanoni suka yi ta haɗewa har ƙasa ta karɓe su. A wajen Morris sai da aka harbe mutane a dandalin Trafalgar, aka yi yaƙin basasa.

A ganina abin da mai karatu ya fi tsoro shi ke raba gardamar. Wanda ya san zafin rashin abin sawa a tukunya, tsarin Bellamy yana kwantar masa da hankali. Wanda ya gaji da ana juya shi kamar waina a wurin aiki, da ya ji kalmar runduna sai gabansa ya faɗi, musamman yanzu da aka ga yadda mulkin tsara komai daga sama ya kasance a ƙarni na 20.

Masu cewa Bellamy na sa barci ma ba su yi ƙarya ba. West ya yi tambaya, Dakta Leete, likitan da ya farkar da shi, ya zuba jawabi mai shafuka, haka ake ta yi, ga soyayyar da ke ciki lami. Morris ya fi daɗin karatu, musamman tafiyar kwalekwale a kogin Tems zuwa yankan ciyawa, amma ka tambaye shi wa zai yi aikin ƙazanta idan kowa abin da yake so yake yi, amsarsa ba ta cika gamsarwa ba. Mata masu karatu kuma sukan lura cewa a aljannar tasa har yanzu su ke kawo abinci.

Ka fara da Bellamy, ko da za ka tsallake wasu jawaban Dakta Leete, don in ba ka san shi ba rabin habaicin Morris zai wuce ka.