Wane kayan ba da iska ya dace da tankin kiwon jatan lande?

In ka leƙa tankinka da asuba ka tarar jatan lande sun taru a saman ruwa, wasu sun maƙale a jikin gilashi, wasu sun yi cincirindo a bakin mataci, wato na'urar tace ruwa, to mai yiwuwa iskar oksijin ce ta yi ƙaranci. Da dare ciyayin ruwa ma shaƙar iskar suke yi, ba sa fitar da ita, shi ya sa abin ya fi tsanani gab da wayewar gari. Ga kuma zafi. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, amma a digiri 30 kusan 7.5 ne kawai, alhali a lokacin ne jikin dabbobin ya fi buƙatarta.

Kafin ka fitar da kuɗi, ka sani yawancin iskar ta fuskar ruwa take shiga. Babban aikin kumfar famfon iska da ke tasowa shi ne ta motsa saman, ta kuma ɗago ruwan ƙasa. Da wannan za ka auna duk abin da mai shago ya nuna maka.

Ni dai matacin soso da ƙaramin famfon iska nake ba kowa shawara ya fara saya. Yana tace ruwa, yana motsa samansa, kuma ba ya zuƙe jariran jatan lande, waɗanda ba su wuce milimita 2 ba idan aka ƙyanƙyashe su. Za ka ga iyaye da 'ya'ya sun lulluɓe soson suna tsintar abinci a jikinsa da 'yan hannuwansu yini guda. Aibinsa ƙugin famfo da cin wuri a cikin tanki. Ka zaɓi soso mai ƙananan huji, ka riƙa matse shi a ruwan da ka ɗebo daga tankin, don kulorin na ruwan famfo yana kashe bakteriya masu amfani. Kada ka baro shagon ba tare da bawul mai hana ruwa komowa ta tiyo ba, da ɗan makunnin rage ƙarfin iska.

Dutsen kumfa, wanda ake jona wa tiyon famfo ya riƙa fitar da ƙananan kumfa, araha ne, sai dai ba ya tace komai. Ƙari ne kawai ga wanda ya riga ya mallaki mataci.

Mataci mai rataya a bayan tanki yana motsa ruwa sosai, bai kuma cika ƙara ba. Amma bakinsa tarko ne ga jarirai sai an sa masa hular soso, kuma wasunsu in aka ɗauke wuta aka dawo da ita ba sa tashi sai an cika musu ruwa da hannu. Wanda yake wurin aiki a lokacin fa?

Maganar wuta ita ce ta fi damuna. A inda ake ɗauke ta ba sanarwa, musamman cikin zafin Maris da Afrilu, tanki mai cunkoso zai iya yin asara a dare ɗaya. Don haka in kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi famfon iska mai batir a ciki wanda ke ci gaba da aiki da kansa, ko mai USB da za ka jona wa fawa bank. Akwai kuma wani abin da ake sawa cikin tanki mai suna Söchting Oxydator, wanda ba ya buƙatar lantarki, yana sakin oksijin daga ruwan haidurojin feroksaid, amma sai ka tabbatar za ka riƙa samun ruwan kafin ka saya.

Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana sauke zafi da digiri biyu zuwa uku, ta fi ma aiki a busasshiyar iska. Ruwan zai riƙa raguwa da sauri, sai ka dinga cikawa da tataccen ruwa marar gishiri. Masu kiwon jajayen jatan lande nau'in Neocaridina za su iya wucewa da fanka, amma nau'in Caridina irin su Crystal Red ba sa son ruwa ya haura digiri 24 ko 25, ga su sai ɗaki mai sanyi.