Sharhi kan ziyarar Legoland Dubai da ƙananan yara

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Dubai a unguwar Deira suke sauka, kusa da kasuwannin gwal da yadi da kayan waya, kuma ko sun tafi da iyali ba kasafai yara suke ganin wani abu ba bayan ɗakin otal da manyan kantuna. A tafiyar da muka yi da maman yara a lokacin sanyi, mun ware wuni guda domin yaran kaɗai, muka kai su Legoland Dubai. Babbarsu tana da shekara takwas, ƙaninta huɗu, auta kuma ba ta cika uku ba, saboda haka abin da zan faɗa a nan ra'ayin uban ƙananan yara ne, kuma mai matasa a gida zai iya ganin wurin da wani ido daban.

Filin wasan yana cikin babban rukunin da ake kira Dubai Parks and Resorts a yankin Jebel Ali, a gefen titin Sheikh Zayed, can wajen gari ta hanyar Abu Dhabi. An buɗe shi a ƙarshen watan Oktoban 2016, kuma a rukunin akwai wani filin wasan mai suna Motiongate, da wurin wasan ruwa na Legoland mai ƙofarsa daban, da otal. Daga Deira tafiyar kusan awa guda ce a mota idan hanya ba ta cushe ba. Jirgin ƙasa na cikin gari ba ya kaiwa bakin ƙofa, dole sai an ƙarasa da tasi, don haka mai yara uku da jakar kayansu gara ya ɗauki mota tun daga masauki ya huta. Tikiti kuma a intanet muka saya tun kafin ranar, auta ta shiga kyauta domin ba a karɓar kuɗin yaron da bai kai shekara uku ba.

Lego kamfanin ƙasar Denmak ne da wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa a 1932, kuma Legoland na farko a garin Billund aka buɗe shi a 1968. Na kawo wannan ne domin asalin kamfanin yana bayyana a yadda aka tsara wurin. 'Yan bulon roba da yaro yake harhaɗawa da hannunsa su ne sana'arsu, kuma haka wasannin filin suke: an gina su ne domin yara 'yan shekara 2 zuwa 12, kuma a mafi yawansu yaron ne yake yin aikin da kansa. Wannan shi ne babban abin da ya burge ni, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin kuɗin bai tafi a banza ba. A wuraren wasa da yawa ana ɗaure yaro a kujera ne, inji ya juya shi na minti biyu, a sauke shi yana jiri. A nan kuwa ana miƙa masa sitiyari, ko mesar ruwa, ko igiya, a ce masa bismilla.

An raba filin gida shida, kuma wanda ya fi cin lokacinmu shi ne Lego City, wato ɗan ƙaramin birni da aka gina daidai tsayin yara. A cikinsa akwai makarantar tuƙi iri biyu, ɗaya ta 'yan shekara 3 zuwa 5, ɗaya ta waɗanda suka kai shida zuwa sama. A ta manyan, sai an zaunar da yara an yi musu bayanin dokokin hanya tukuna, sannan a ba kowa ƙaramar mota mai aiki da lantarki ya shiga titi mai danja da alamun tsayawa da mahaɗar hanyoyi. Motar ba a kan dogo take ba, yaron ne yake juya ta, kuma iyaye ba sa shiga, a bayan shinge suke tsayawa suna kallo. Babbar 'yata, wadda a gida sai an yi da gaske take tsallaka titi ita kaɗai, na ga ta tsaya cak da danja ta nuna ja, tana hararar wani yaro da ya wuce ta bai tsaya ba. Da ta fito ta ce, "Abba, ka ga wancan ya karya doka ko?" Na amsa mata cewa na gani, ban dai gaya mata direbobi nawa na sani a Kano masu gemu da ke yin haka kullum ba. Akwai lasisin wasa mai ɗauke da hoton yaro ga wanda ya ga dama ya biya, kuma yarinyar ta fi daraja wannan katin a kan duk tsarabar da aka saya mata a kasuwa.

Kusa da nan akwai wasan 'yan kwana-kwana, inda iyali guda suke hawa motar kashe gobara, su yi ta buga famfo da hannu har motar ta gangara zuwa wani gini, su sauka su watsa ruwa, sannan su koma su sake bugawa, ana tsere da sauran iyalai. Wannan wasa iyaye yake gajiyarwa, domin ƙarfin yara ba ya motsa motar, kuma uban da ya daɗe bai motsa jiki ba zai ji a kafaɗunsa washegari. Duk da haka shi ne wasan da dukanmu muka yi tare muna dariya, har da maman yara da ta shigo da niyyar riƙon jaka kawai. Akwai kuma ƙananan jiragen ruwa da yaro yake tuƙawa babba na zaune a gefensa, sai dai suna tafiya a hankali ƙwarai, layinsu ma haka.

Abin da kowane uba ya kamata ya sani tun daga gida shi ne cewa tsayin yaro ne yake yanke hukunci a irin wannan wuri, shekarunsa ba sa cetonsa. A bakin kowane wasa mai gudu akwai ma'auni, kuma ma'aikata ba sa ɗaga ƙafa ko da santimita ɗaya ce ta rage. Jirgin dodo, wanda shi ne mafi girman abin hawa mai gudu a kan dogo a sashen da aka gina kamar fadar sarakunan Turai na da, yana buƙatar yaro ya haura mita guda da 'yan kai. Yayar ta wuce, ƙanin bai kai ba, aka yi kuka mai tsanani a bakin ƙofa. Ban ga laifin ma'aikaciyar ba ko kaɗan, domin ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera an auna shi ne da wani girman jiki, kuma na fi son a hana ɗana hawa da a bar shi ya zame. Ta durƙusa ta rarrashe shi, ta nuna mana ƙaramin jirgin dodo da aka yi domin irinsa a kusa, kuma bayan ya hau wannan ya manta da babban. Shawarata ita ce a auna yara da takalmansu kafin a taso, a duba ƙa'idar kowane wasa a shafin filin, a gaya wa ƙaramin tun a mota abin da zai hau da abin da sai baɗi.

Da rana ta take muka shiga Miniland, wanda yake tsakiyar filin a ƙarƙashin wata babbar rumfa mai na'urar sanyaya iska. A yawancin ƙasashe a fili ake yin wannan sashe, a Dubai kuwa zafi ya sa aka rufe shi. An gina fitattun gine-ginen yankin da bulon Lego kusan miliyan 20, kuma wanda ido yake fara sauka a kansa shi ne Burj Khalifa mai tsayin mita 17. Ni dai masallacin Sheikh Zayed na Abu Dhabi ne ya tsayar da ni, da kubbobinsa da hasumiyoyinsa huɗu da farfajiyarsa, duka da 'yan bulon da ba su kai ɗan yatsa ba. Akwai Taj Mahal na Indiya da Petra na Jodan. Yara ba su damu da sunayen ba, maɓallan da ake dannawa motoci da jirage su motsa su ne suka ɗauke musu hankali, amma awar da muka yi a cikin sanyin nan ita ce ta ba mu ƙarfin ƙarasa wunin.

Jirgin ƙarƙashin ruwa ma ya cancanci layinsa. Ana zama a ciki ana leƙawa ta tagogin da ke ƙasan ruwa, kuma kifayen da ake gani na gaske ne, har da shak, suna yawo a tsakanin gumakan Lego. Shi ne abin hawa guda da auta ta zauna a cinya ta kalla ba tare da ta nemi sauka ba. In ban da shi da sashen Duplo, inda akwai ƙaramin jirgin ƙasa da wurin rarrafe da manyan bulo masu taushi, ba ta amfana da komai sosai ba. Gaskiyar magana, yaron da bai kai uku ba rakiya ya zo. Wanda yaransa duka ƙanana ne irin wannan, ina ganin ya jinkirta shekara ɗaya ko biyu. Wanda kuma nasa suka haura goma sha biyu, Motiongate da ke maƙwabtaka zai fi yi musu daɗi. Tsakanin huɗu da tara ne shekarun da wurin yake biyan kuɗinsa.

Sinima mai kujerun da ake fesa wa iska da yayyafi ba ta dame mu ba, haka ma ɗan zagayen da ake yi a nuna yadda inji yake narka roba ya fitar da bulo, ko da yake yara sun ji daɗin bulon tunawa da aka ba su a ƙarshe.

Ta fuskar ibada da abinci hankalin musulmi a kwance yake, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa neman inda zai yi alwala a irin waɗannan wurare a Turai. Akwai ɗakunan salla na maza da na mata, mun yi azahar da la'asar a kan lokaci, abincin kuma na halal ne, babu tambaye-tambaye. Akwai ɗakin shayarwa da canza wa jarirai kaya. Farashin abinci da ruwa irin na duk wani babban filin wasa ne a duniya, wato ya fi na cikin gari nesa ba kusa ba, kuma tun da dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka, kusan 3.67 kan dala guda, mai lissafi da naira zai ji kowane kofin lemo a jikinsa. A ciyar da yara sosai kafin a fito, a kuma ware kuɗin babban kantin Lego da ke kusa da ƙofa, domin babu yadda za a yi a fita da yara ba su gan shi ba. Mu dai tun da safe muka yi yarjejeniya da su cewa kowa ƙaramin kwali ɗaya zai ɗauka, kuma sai lokacin tafiya.

Lokacin zuwa yana da muhimmanci fiye da yadda mutum zai zata. Daga Yuni zuwa Satumba zafin Dubai yana haura digiri 40, ga gumi mai nauyi na bakin teku wanda ko ɗan Sakkwato bai saba da shi ba, kuma yawancin abubuwan hawa a fili suke. Daga Nuwamba zuwa Maris ne ake iya wuni a waje da yara, da hulunan rana da ruwa mai yawa. Tun shekarar 2022 hutun ƙarshen mako a ƙasar ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin yini ake aiki, don haka tsakiyar mako ne layuka suke gajeru. Keken tura yara wajibi ne, har ga ɗan shekara huɗu da ke cewa shi ya girma, domin bayan la'asar shi ne ya karɓe keken auta, ita kuma ta koma goyo.

Ana sayar da tikitin da ya haɗa filaye biyu a wuni ɗaya, kuma a takarda yana da sauƙin kuɗi. Ga mai ƙananan yara ban ba da shawararsa ba, domin Legoland kaɗai ya cinye mana wunin daga hantsi har magariba ta gabato, kuma akwai wasannin da ba mu kai gare su ba. Wurin wasan ruwa yana buƙatar ranarsa daban da kayan sawa daban. Idan an tashi komawa kuma, a fito minti ashirin kafin a rufe, domin da zarar an rufe kowa tasi yake nema a lokaci guda.