Sakin labari a waya ko buga shi a takarda: amsa ga ɗan'uwanmu malamin makaranta

Malam, tambayar da ka aiko wa ƙungiyarmu ita ce, kana koyarwa a Samaru da ke Zariya, kana tasowa daga Tudun Wada kullum safiya, kuma ka kai rabin wani dogon labari na sadaukai da aljanu da matsafa, shin ka fara sakinsa shafi-shafi a waya kana karɓar kuɗin karatu, ko kuwa ka haƙura ka kammala shi ka kai maɗaba'a da kuɗin aljihunka. Ni ma ma'aikaci ne, kuma na bi hanyoyin nan biyu, saboda haka zan auna maka su da ma'aunin da ya fi damun mai albashi, wato abin da kowace take ci daga lokacinsa da kuɗinsa.

Ta fuskar kuɗi, wayar ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Data da caji kawai take nema, sai haƙurin buga rubutu da babban yatsa. Kana iya buɗe zaure a WhatsApp ko ka sa labarin a Wattpad, manhajar da marubuta suke sakin labarai a cikinta, ka saki shafukan farko kyauta, wanda ya ji daɗi ya biya ya shiga wurin ci gaban. Takarda kuwa sai ka zuba kuɗi tun kafin ka ga kwabo: mai gyaran rubutu, mai zanen bango, takarda, ɗab'i da ɗinki. Yawancin takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita, shi ya sa tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuɗin buga littafi ya yi tashin gwauron zabo. Labari irin naka kuma ba ya gajarta, ga shi bangonsa yana bukatar mai zane na gaske, domin hoton da aka tsinto a intanet ba zai nuna wa mai saye birnin da kai kaɗai ka ƙirƙira ba.

Amma idan aka zo kan lokaci, sai lissafin ya juya, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. Ranar da mutum na farko ya turo maka kuɗin karatu, ka zama mai bashi a wuyansa. Masu karatu za su jira sabon shafi kowane dare, ba ruwansu da cewa makon jarrabawa ne kana da takardun aji uku da za ka duba, ko ka makale a cunkoson Kwangila har magariba, ko an ɗauke wuta wayarka ta mutu. Za ka riƙa rubutu a lokacin da kanka ya fi gajiya, kana kuma amsa saƙon wanda ya ce ya biya ba a sa shi a zaure ba. Littafin takarda ba ya bin ka wannan bashin. Idan ka zauna bayan sallar asuba ka rubuta kalma 300 kafin ka fita, a kwana 200 ka tara kalma 60,000, kuma ranar da aiki ya hana ka babu wanda ka saɓa wa alkawari.

Wannan bambanci ya fi tsanani a labarin almara fiye da na soyayya ko na zaman gida. Mai rubuta labarin kishiyoyi yana da duniyarsa a shirye, kowa ya san yadda gida yake. Kai kuwa kai ne ka kafa dokokin duniyarka: abin da tsafi yake iyawa da abin da ba ya iyawa, kwana nawa ake yi daga wannan birni zuwa wancan, wane aljani ne yake tsoron ƙarfe. A labarina na farko da na saki a waya, jarumin ya jefa takobinsa a kogi a shafi na 12 don cika sharaɗin wata tsohuwa, sai ga shi a shafi na 47 ya zaro takobin nan a tsakiyar yaƙi, domin na rubuta shafin ne da ƙarfe ɗayan dare bayan na wuni a ofis. Wata mai karatu ce ta tuna mini, kuma babu halin gyara, tunda shafin ya riga ya shiga wayoyin mutane. Abin ya dame ni ƙwarai, don sharaɗin nan shi ne ƙashin bayan labarin. Da a ce rubutun yana cikin kundina ne, da na koma baya na daidaita shi ba tare da kowa ya sani ba.

Kowace hanya tana da inda kuɗi yake zurarewa. A waya, mutum ɗaya zai biya ya kwafe littafin ya watsa shi a wasu zauruka, duk da cewa dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta haɗa da abin da aka sa a intanet. Dandalin da ka dogara da shi ma yana iya rufewa, kamar yadda OkadaBooks ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023, saboda haka ka riƙe kwafin aikinka a hannunka. A takarda kuwa matsalar ita ce rarrabawa. 'Yan kasuwar littafi sukan karɓa ne sai an sayar a biya, kuma babbar kasuwar littattafan Hausa tana Kano. Na taɓa ba wani mai shago kwafi 50, na yi Asabar huɗu ina bin sawu kafin na karɓi rabin kuɗina, alhali Asabar ita ce ranar da nake rubutu mai tsawo.

Mu mutanen Zariya muna da abin dubawa a kusa. Lokacin gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 da aka shirya a nan ƙarƙashin Rupert East, Baturen da yake shugabantar Hukumar Fassara, Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, labarin da yake cike da abubuwan al'ajabi. Da aka bukaci babban aiki daga gare shi, sai aka ɗauko shi daga aji aka kawo shi Zariya a 1936, ya zauna wata shida yana rubuta Magana Jari Ce. Yau babu hukumar da za ta ɗauke maka aji ta ba ka wata shida, amma kana da dogon hutun damina, wanda mu ma'aikatan ofis ba mu da shi.

Abin da nake ganin ya dace da kai shi ne ka haɗa hanyoyin biyu, amma ka bi su a jere. Kada ka saki ko shafi ɗaya sai ka kai ƙarshen labarin. Ka ware ƙaramin littafin rubutu da za ka riƙa shigar da sunayen birane da makamai da dokokin tsafi, ka ba mutum biyu masu gaya maka gaskiya su karanta. Bayan nan ka sake shi a waya sau biyu ko uku a mako daga abin da yake a shirye, ta yadda makon jarrabawa ba zai tsayar da kai ba. Kuɗin da ya shigo da yawan waɗanda suka biya su ne za su nuna maka ko ya kamata a buga, da kuma kwafi nawa, ba tare da ka taɓa albashin da iyali suke ci ba.

Idan ka kai matakin bugawa, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake sa wa a bango, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta, kuma doka ta ce mai bugawa ya ajiye musu kwafi 3. Sannan idan makarantarku ta gwamnati ce, ka san cewa ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulkin 1999 ta hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa in ban da noma, don haka kafin ka yi rajistar kamfanin ɗab'i da sunanka, ka zauna da lauya ko wani babba a wurin aikinku ya fayyace maka iyakar abin da aka yarda ka yi.