Kafin ka biya kuɗin manhajar darar ces: wanne ya dace da kai?

Duk mai tallan manhajar darar ces zai fara maka da ƙarfinta: ta fi wance, ta doke wane. To amma ƙarfi ya daina zama abin saye tun da daɗewa. A 1997 na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM ta ci zakaran duniya Garry Kasparov da maki 3.5 da 2.5, shekara guda bayan da shi Kasparov ya ci ta 4 da 2. A lokacin wasu sun ce ai katafariyar na'ura ce da aka ƙera musamman. Sai ga shi a 2006 Deep Fritz, a kan kwamfuta irin ta kasuwa, ta doke zakaran duniya na lokacin, Vladimir Kramnik, 4 da 2 a birnin Bonn na Jamus. A 2009 kuma Pocket Fritz 4, a cikin wayar hannu, ta lashe wata gasa a Ajantina da maki 9.5 cikin 10. Magnus Carlsen, wanda ya kai maki 2882 a ma'aunin Elo na ƙarfin 'yan wasa a 2014, babu ɗan'adam da ya taɓa haura shi, alhali manyan injinan yau ana ƙiyasta su sama da 3500. Ma'aunan biyu ba daidai suke ba, tunda injina da junansu suke karawa, amma tazarar ba ta da gardama.

Saboda haka tambayar da ta kamata ita ce: me kake so manhajar ta yi maka? Nazarin wasanninka, ko abokin karawa, ko koyarwa?

Idan nazari ne, Stockfish ta wadatar, kuma kyauta ce. Masu sa kai ne ke gina ta tun 2008, lambobinta a buɗe suke ga kowa, kuma ita ce ta fi yawan lashe gasar injina ta TCEC. Tun daga siga ta 12, a 2020, aka haɗa mata wata ƙaramar ƙwaƙwalwar roba da ke auna matsayin allo, abin da ya ƙara mata ƙarfi sosai ba tare da buƙatar kwamfuta mai tsada ba. Abu ɗaya da sababbi kan rasa sani: Stockfish inji ce zalla, ba ta da allo. Sai ka ɗora ta a kan wata manhajar da ke nuna allon, irin su Arena ko Scid vs. PC a kwamfuta, ko DroidFish a wayar Android. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya ya shiga shafin intanet na Lichess, inda take aiki kai tsaye, ba kuɗi ba talla.

Aibinta shi ne ba ta bayani. Za ta nuna maka +1.8, ta jero motsi goma sha biyar, ta bar ka da su. Ga ƙwararre wannan taska ce. Ga mai koyo kuwa, kamar ka tambayi hanya ne a miƙo maka taswira da harshen da ba ka ji.

Leela Chess Zero wata aba ce daban. Ta samo asali ne daga AlphaZero ta kamfanin DeepMind, wadda a 2017 ta koyi dara ta hanyar karawa da kanta, ta kuma yi wasa 100 da Stockfish ta wancan lokacin: ta ci 28, aka yi canjaras 72, ba a ci ta ko sau ɗaya ba. AlphaZero ba ta sayarwa ba ce, kada wani ya ruɗe ka. Masu sa kai suka bi sawunta suka fito da Leela a 2018, ita ma kyauta. Tana duba motsi kaɗan idan aka kwatanta da Stockfish, amma hangenta na tsari mai nisa ne, shi ya sa manyan 'yan wasa ke neman ra'ayinta a matakin buɗe wasa. Sai dai kuɗin yana ɓoye a wani wuri: ba ta nuna bajintarta sai da katin sarrafa hoto mai ƙarfi. Idan tsohuwar laftof gare ka, bar ta.

Na kuɗi fa? Fritz ta kamfanin ChessBase da ke Hamburg ita ce tsohuwar hannu. Abin da ya cancanci kuɗinka a wurinta shi ne kayan horo, da tsara rumbun wasanni, da yadda take iya saukowa daidai matakinka ta bar maka kafar da za ka gano. Komodo Dragon, mallakar Chess.com tun da ya sayi Komodo a 2018, ta yi suna wajen wasa da salo iri-iri da kuma wasan rangwame. A 2016 Komodo ta kara da babban ɗan wasa Hikaru Nakamura tana ba shi rangwamen soja ko wani fifiko a kowane wasa, kuma duk da haka ta ci shi 2.5 da 1.5. A nan sai a yi hattara da lakabi. A 2021 ChessBase ya fitar da Fat Fritz 2 yana sayarwa, aka gano kusan duk ginshiƙinta Stockfish ce. Masu Stockfish suka kai ƙara kotu, aka sasanta a 2022. Kafin ka biya, bincika wane inji ne a ciki.

Matsalar da ta fi damun mai neman abokin karawa ita ce yadda ake rage wa inji ƙarfi. Ka sa Stockfish a ƙaramin mataki, za ta yi motsi goma na gwanaye, sannan haka kawai ta miƙa maka doki. Babu mutumin da ke kuskure haka, don haka cin ta ba ya shirya ka ga gasa. Maia ce ta zo da gyara: masu bincike, ciki har da na Jami'ar Toronto a Kanada, suka horar da ita da miliyoyin wasannin mutane na Lichess, domin ta hasashi abin da mutum zai yi, har da kurakuransa. Akwai ta a matakan 1100, 1500 da 1900, kyauta a Lichess. A ganina, ga duk wanda bai kai 2000 ba, ta fi kowace amfani a matsayin abokiyar karawa.

Masu son taɓa 'ya'yan dara da hannu suna da allunan lantarki, irin DGT Centaur, wanda ke daidaita ƙarfinsa da naka yana haska inda zai motsa. Allon da hutun ido daga waya kake saye, kuma da tsada.

Shawarata: fara da Stockfish da Maia, ka yi 'yan watanni. Idan ka ga alƙaluman Stockfish ba sa shiga kanka, a lokacin ne biyan kuɗin nazarin wasa na Chess.com ko darussan Fritz zai yi ma'ana. Idan kuwa kana shirin gasa kuma kana da katin hoto mai kyau, ƙara Leela a gefe, ka mai da hankali kan wuraren da ita da Stockfish suka saɓa.