GARGAƊI: wanda ya ga 'yata a talabijin ya damfare ni naira dubu 385

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana 11 ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, kunya ta hana ni sakin sa. To yau zan saki, duk wanda zai ce ni wawa ne ya ce. Naira dubu 385 aka karɓe mini. Dubu 385. Kuma abin da ke hana ni barci, mafi yawan kuɗin ba nawa ba ne, naku ne, ku da kuka ga 'yata a talabijin kuka tausaya.

Ni ba baƙo ba ne a harkar kuɗi. Shekara 19 ina Kantin Kwari, tun ina ɗaukar dilar atamfa a ka har maigidana ya ba ni tebur. An sha kawo mini alat na bogi, na gane. An taɓa kawo mini jabun dubu-dubu a cikin bandir, da taɓawa kawai na cire su. Ina faɗar wannan ne don masu cewa "ai da ka yi bincike". Na yi binciken. Na yi tambayoyi. Duk tambayar da na yi yana da amsarta a baki, kuma sai daga baya na gane ni ne na ba shi amsoshin tun kafin ya kira.

Yarinyar shekararta 3 da 'yan watanni. Da ciwon zuciya aka haife ta. Likitan da ya yi mata hoton zuciya, wanda suke kira eko, ya zana mana a takarda: akwai rami tsakanin ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, sannan hanyar da jini ke bi zuwa huhu ta tsuke. Shi ya sa leɓenta da farcenta suke yin duhu. In ta yi taku kaɗan a tsakar gida sai ta tsuguna, ta haɗe gwiwa da ƙirji, ta yi shiru har numfashi ya dawo. Ba wanda ya koya mata, jikinta ne ya gano hakan yana sauƙaƙa mata. Likita ya ce magani lallaɓawa ne kawai, aiki za a yi, kuma kuɗin da aka lissafa mana ya kai miliyan 14. Mai tebur a kasuwa, ina zai ga miliyan 14?

Wani maƙwabcina ne ya haɗa ni da gidan talabijin ɗin, ba zan kama sunansu ba don ba su yi mini komai ba sai alheri, ko sisi ba su karɓa ba. Suka zo gida da kyamara. Uwar yaran ta ƙi fitowa, ni na zauna a tabarma da yarinyar a cinyata. Na yi bayani, na yi kuka a gaban duniya, abin da ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu. Suka ce in ɗaga takardar asibiti, na ɗaga, suka matso da kyamara. Aka rubuta lambar wayata da lambar asusuna a ƙasan allo.

Jama'a kuma suka yi ƙoƙari, wallahi. Alat yana shigowa, naira 500, 1,000, 2,000. Wata tsohuwa ta kira ta ce jikanta ne ya kai ta wajen mai POS ta turo 700, in yi haƙuri abin da take da shi ke nan. A mako biyu aka tara dubu 262. Wannan 700 ɗin na tsohuwar nan tana cikin abin da na miƙa wa ɓarawo da hannuna.

Ya kira ranar Talata bayan la'asar. A'a, Laraba ce, don Talata muna asibiti. Murya ta dattijo, a natse, Hausa tsantsa, ya yi sallama cikakkiya. Ya ce shi sakataren wata gidauniya ne ta wani attajiri da ba ya son a ambaci sunansa, Alhajin ya ga shirin a Abuja har ya kasa cin abinci. Ban yi zumuɗi ba, Allah shi ne shaida. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, mutane da yawa suna kira." Sai ya ce, "Malam, har yanzu tana tsugunawar nan in ta gaji?"

Nan ne. Nan ya kama ni. Na sha maimaita wannan tambayar a raina fiye da sau ɗari. Har yanzu tana tsugunawar nan. Na ji kamar likita ne yake magana, wanda ya san ciwon, wanda ya damu da ita. Ya faɗi sunan ciwon da Turanci daidai yadda yake a takarda, ya faɗi ranar da aka yi eko, ya faɗi nauyinta. Na ce a raina lallai sun je asibiti sun bincika. Sai ran nan da na sake kallon bidiyon a wayar ƙanena na ga komai a fili: ni da bakina na ce tana tsugunawa, takardar kuma ta daɗe a gaban kyamara, duk wanda ya tsayar da bidiyon zai karanta har sa hannun likita. Bai je ko'ina ba. Yana kwance a ɗakinsa ya haddace 'yata.

Bai nemi kuɗi ranar ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ya sa na sake. Kwana huɗu yana kira yana tambayar jikinta, ya ce a gaishe da mamanta. Ya turo fom ta WhatsApp mai tambari da hoton yara a gadon asibiti. Ya turo wasiƙa wai daga wani asibiti a Indiya, da sunan yarinyar a ciki. Ya ce gidauniya za ta biya aiki da jirgi da masauki, ni dai kuɗin rajista kawai zan biya, dubu 85, kuma za a mayar mini, wai sun sa shi ne don tace masu wasa.

Uwar yaran ta ce, "Malam, wanda zai ba da miliyan 14, dubu 85 ce za ta gagare shi?" Na daka mata tsawa. Na ce ta cika baƙin zato, Allah ya kawo mana mafita tana neman toshewa. Ta yi shiru ta shige ɗaki. Har yau ba ta ce mini "ai na faɗa maka" ba, da ma ta faɗa da na fi samun sauƙi.

Na ga sunan asusun na mutum ne, ba na gidauniya ba. Na gani! Kada wani ya ce ban duba ba. Na tambaye shi, ya ce na ma'ajinsu ne, asusun gidauniya na dala ne ba ya karɓar naira. Na tura dubu 85. Bayan kwana uku dubu 140, kuɗin biza na mutum biyu. Wancan kuma wani suna ne daban, na mace. Na ƙarshen dubu 160, wai inshorar tafiya da cikon tikiti saboda dala ta tashi, kuma kowa ya san dala ta tashi, tun da ta haura 1,500 a 2024 ba wanda ke musun irin wannan magana. Kafin nan ne ma, ko bayan na biyun, ya turo tikitin: Kano zuwa Addis Ababa zuwa Delhi, da ranar tashi da lambar kujera. Na buga shi a takarda na kai wa mahaifiyata, ta ɗora hannu a kai ta yi addu'a.

85 da 140 da 160. Dubu 385. Kuɗin jama'a 262 suka ƙare, ta ɗauko adashinta dubu 70 ta ba ni, ita ɗin da na yi wa tsawa. Maigidana ya ranta mini 53.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Yarinyar nan ba ta da fasfo. Ni ma nawa ya mutu. Biza a jikin me za a buga? Na tambaya, wallahi na tambaya, ya ce suna da mutanensu a ofishin shige da fice, a tare za a fitar. Alhali ni na taɓa yin fasfo, na san sai ka je da ƙafarka an ɗauki hotonka da yatsunka, yanzu ma sai da lambar NIN. Na sani. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ku da kuke da yara masu lafiya, ku yi ta dariya, ban roƙa muku irin daren da muke kwana ba.

Ranar da ya ce direba zai zo ya ɗauke mu, mun yi wanka tun asuba, an yi mata kitso, an sa mata sabuwar riga. Muka zauna a soro da jaka har azahar. Layi a kashe. La'asar, a kashe. Hoton da ke WhatsApp ɗinsa ya ɓace. Maƙwabta da suka zo sallama suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya kallon idona.

Na je banki, suka karɓi ƙorafi, suka ce kuɗin an riga an kwashe su daga can mintuna kaɗan bayan shigarsu. Na kai rahoto wajen 'yan sanda, an rubuta, ina jira. Da na koma gidan talabijin, mai gabatar da shirin ya riƙe kai, ya ce ba wata gidauniya da ta tuntuɓe su, kuma da na kira shi tun farko da ya hana ni. Me ya hana ni kiransa? Mutumin ya ce Alhaji ba ya son surutu, in magana ta fita zai janye. Sai na rufe bakina kamar an ɗaure ni. Likitanmu ma ban nuna masa wasiƙar ba sai da komai ya lalace, kallo ɗaya ya yi mata ya ce ko sunan sashen ba a rubuta daidai ba.

Wai kuma ashe ba shi kaɗai ba ne. Ƙanena ya ga bidiyonmu a wani shafi na Facebook, fuskata, kukana, 'yata, amma an rufe lambar asusuna an manna wata. Mutane a ƙasa suna ta "Allah ya ba ta lafiya, na tura". Ko su ɗaya ne da mai kiran, Allah masani. Allah ya isa tsakanina da su, ban yafe ba, duniya da lahira ban yafe ba.

In za ka kai ɗanka talabijin, kada ka ɗaga takardar asibiti a gaban kyamara. Duk mai taimakon da ya ce ka fara turo kuɗi ɓarawo ne. Ya biya asibiti kai tsaye in da gaske yake. In ya ce ka ɓoye, kira likitanka da gidan talabijin a take.

Wanda ya turo mana kuɗi ya yafe mini, na ci amanarku ba da niyya ba, zan riƙa mayar da dubu 262 ɗin nan cikin asusun jinyarta kaɗan-kaɗan ko zai ɗauke ni shekara nawa. Rasit uku suna nan, da hoton hirarmu tun daga sallamar farko, da tikitin bogin, da muryarsa guda biyu da bai samu gogewa ba. Ƙanena zai rufe bayanan yarinyar a jiki in ya dawo daga aiki, da daddare zan ɗora su duka, ku saurari muryar da kyau ko wani ya taɓa jin ta.