Kwas ɗin shugaban zartarwa da na yi ta intanet, abin da ya burge ni da abin da ya ɓata mun rai

Na gama wani kwas na intanet da ke koyar da aikin shugaban zartarwa, wato mutumin da ke can sama yana riƙe da ragamar kamfani ko ta gwamnati, kuma ina ganin ya kamata in faɗi abin da na gani saboda masu shirin zuba kuɗinsu da lokacinsu a ciki. Ba zan kama sunan masu shi ba dan akwai inda zan soke su sosai, kuma irin waɗannan kwasa-kwasan yanzu sun yi yawa, kusan duk tsarinsu ɗaya ne, gajerun bidiyo, sai ɗan abin karantawa, sai tambayoyi a ƙarshen kowane darasi, in ka ci a ba ka satifiket. A taƙaice dai kashin farko da na biyu sun biya ni, kashi na ƙarshe kuma gaskiya har yanzu in na tuna shi raina ba ya mun daɗi.

Bari in fara da inda suka yi ƙoƙari. Malamin bai tsaya ɓata lokaci wajen cewa shugaba ya zama mai hangen nesa mai kaza mai kaza ba, irin surutun da kowa ya riga ya haddace, kai tsaye ya fara da tambaya ɗaya: wa ya ɗora shugaban nan, kuma wa zai iya sauke shi? Wallahi wannan tambayar ita ce ta riƙe kwas ɗin gaba ɗaya. A kamfani masu hannun jari ne ke zaɓen hukumar daraktoci, hukumar kuma ita ke naɗa shugaban zartarwa ta yanka masa albashi, in ya gaza ta sallame shi, dan haka mutumin da muke gani a jarida kamar shi ne mai wuƙa da nama, a takarda ɗan aiki ne aka ɗauka. Ya kawo misalin Steve Jobs, wanda da shi aka kafa Apple a 1976, amma da rigima ta haɗa shi da John Sculley wanda shi ne shugaban zartarwa a lokacin, sai daraktoci suka goyi bayan Sculley, Jobs ya bar kamfanin a 1985, bai dawo ba sai 1997. Sai kuma ya juyo da misalin OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, inda a watan Nuwamba 2023 hukumar ta cire shugaban zartarwarsa Sam Altman amma ko mako guda ba a yi ba ya dawo kujerarsa saboda mafi yawan ma'aikata sun ce su ma tafiya za su yi, ƙarshe ma hukumar ce aka sauya. Darasin a nan shi ne ikon da ke rubuce a takarda daban, wanda ake iya amfani da shi a zahiri daban, kuma na ji daɗin yadda ya bar ɗalibi ya gano hakan da kansa.

Darasin da ya fi tsaya mun a rai shi ne na raba kujerar ciyaman ɗin hukumar daraktoci da ta shugaban zartarwa. A Ingila rahoton kwamitin Cadbury na 1992 ya ba da shawarar kada a tara iko a hannun mutum ɗaya, shi ya sa manyan kamfanoninsu galibi mutum biyu ne a kujerun nan, a Amurka kuwa har yanzu za ka ga mutum ɗaya yana riƙe da duka biyun, wato shi ne ke jagorantar mutanen da aka ce su sa masa ido. Mark Zuckerberg na kamfanin Meta mai Facebook haka yake, ga shi ciyaman ga shi shugaban zartarwa, kuma irin hannun jarin da yake riƙe da shi kowane ɗaya ƙuri'a 10 ne, dan haka ko sauran masu jari sun haɗa kai ba su isa su cire shi ba. Jamus kuma tata hanyar daban, hukuma biyu suke yi, ɗaya ta masu gudanarwa ɗaya ta masu sa ido, kuma dokarsu ta 1976 ta ce kamfanin da ma'aikatansa suka haura 2,000 rabin kujerun hukumar sa idon na wakilan ma'aikata ne. Ni dai wannan tsarin na Jamus ya kwanta mun, saboda wanda zai rasa abincinsa in kamfani ya rushe ai ya cancanci a ji ta bakinsa tun kafin a rushe ɗin.

Sun taɓo batun alhaki ma yadda ya kamata. Enron, wani katafaren kamfanin makamashi na Amurka, ya durƙushe a ƙarshen 2001 bayan an gano ana ɓoye basuka ana kumbura riba, dubban mutane suka rasa aiki da kuɗin fanshonsu, Jeffrey Skilling da ya shugabanci kamfanin ya tafi gidan yari, a 2002 kuma Amurka ta yi dokar Sarbanes-Oxley wadda ta tilasta wa shugaban zartarwa da babban jami'in kuɗi su sa hannu da kansu cewa lissafin da aka fitar gaskiya ne, ba sauran cewa ban sani ba yarana ne suka yi. Sai Boeing, jirage biyu ƙirar 737 MAX suka faɗi a 2018 da 2019, mutum 346 suka rasu, a Disamba 2019 aka sauke Dennis Muilenburg. Malamin ya yi maganar nan cikin nutsuwa ba tare da neman burgewa ba, kuma a nan ne mutum zai gane cewa shawarar da ake yankewa a ɗakin taro tana iya zama rai da mutuwa ga wanda bai taɓa jin sunan shugaban ba ma.

Kashi na biyu na gwamnati ne, shi ma da waccan tambayar aka bi shi, kuma in kana cikin masu rikicewa tsakanin tsarin shugaban ƙasa da na firaminista to wannan kashin kaɗai ya isa ka shiga kwas ɗin. A Amurka tsarin mulkin 1787 ya damƙa ikon zartarwa a hannun shugaban ƙasa, amma lalitar kuɗi tana hannun majalisa, ministocinsa sai majalisar dattawa ta amince, in ya hau kujerar naƙi kan wata doka kashi biyu cikin uku na majalisun biyu za su iya tsallake shi, kotu ma tana taka masa burki kamar yadda kotun ƙoli ta yi wa Truman a 1952 lokacin da ya ƙwace masana'antun ƙarafa ana tsakiyar yaƙin Koriya. Wa'adi biyu da kowa ya sani sai 1951 ya shiga tsarin mulkinsu, bayan Roosevelt ya ci zaɓe sau huɗu. Amma cire shugaba kafin wa'adinsa ya cika abu ne mai wuyar gaske, har yau majalisar dattawan Amurka ba ta taɓa sauke ko ɗaya ba, Nixon da kansa ya ajiye a 1974 da ya ga inda aka dosa. A Brazil an tsige Dilma Rousseff a 2016, a Koriya ta Kudu kotun tsarin mulki ta tabbatar da tsige Park Geun-hye a 2017, duk sai da aka sha dogon rikici.

Firaminista kuwa ya fi kama da shugaban kamfani ta wannan fuskar, dan 'yan majalisarsa su ne daraktocinsa, ranar da suka juya masa baya shi kenan. A Birtaniya Margaret Thatcher ta ci zaɓe sau uku amma 'yan jam'iyyarta ne suka sa ta sauka a 1990, Liz Truss kwana 49 ta yi a 2022. Jamus ta sa wani sharaɗi mai kyau, ba za a sauke shugaban gwamnati da ƙuri'ar yanke ƙauna ba sai an zaɓi wanda zai gaje shi a lokaci guda, haka aka yi a 1982 da Helmut Kohl ya maye gurbin Helmut Schmidt. Faransa ta haɗa tsarin biyun, har a 1986 shugaban ƙasa Mitterrand na ɓangaren gurguzu ya zauna da Chirac na 'yan mazan jiya a matsayin firaminista. Suwizalan kuma mutum bakwai ne ke riƙe da ikon tare, kujerar shugaba duk shekara take zagayawa. Duk wannan an yi bayaninsa tsaf da zane-zane masu sauƙin ganewa.

To daga nan ne aka shiga kashi na uku, kuma a nan muka raba gari. Wani malami ne daban, shi gaba ɗaya saƙonsa shi ne a tafiyar da ƙasa kamar kamfani, ɗan ƙasa kwastoma ne, ministoci manajoji ne, majalisa da kotu kuma jan ƙafa kawai suke jawowa. Haba! Ai wannan ya rushe duk abin da aka gina a baya, kuma abin da ya fi damuna shi ne matasa ne da yawa ke yin kwas ɗin nan, wasunsu gobe su ne za su hau waɗannan kujerun. Kamfani in wani reshe ba ya kawo riba rufe shi yake yi ya ƙara gaba, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi, amma gwamnati ba ta da ikon ta ce ƙauyen nan ya yi nisa kai masa ruwa da asibiti asara ne dan haka mun cire shi daga lissafi. Kwastoma in bai ji daɗi ba sai ya koma wani shagon, ɗan ƙasa ina zai koma? Kamfani ba ya karɓar haraji da ƙarfi, ba ya da 'yan sanda, ba ya kulle mutum, ba ya tura 'ya'yan mutane yaƙi, shugaban gwamnati duk yana da waɗannan a hannunsa, shi ya sa aka kewaye shi da majalisa da kotu da 'yan jarida da gangan, jinkirin nan da malamin ke kuka da shi kariya ce ga talakan da ba shi da lauya. Sannan shugaban kamfani yana da ma'auni guda da kowa ya yarda da shi, riba, shi kuwa shugaban gwamnati manomi na son amfaninsa ya yi tsada ɗan birni na son ya yi araha, kuma dukkansu nasa ne, ba wanda zai sallama.

Abin da ban yafe masa ba shi ne yadda ya tsallake batun karo tsakanin aljihun shugaba da aikin jama'a, ko kalma ɗaya bai ce ba. Silvio Berlusconi ya zama firaministan Italiya a 1994 yana mallakar manyan tashoshin talabijin masu zaman kansu na ƙasar, kuma shekara da shekaru ana taƙaddama kan haka. Thaksin Shinawatra attajirin harkar sadarwa ne ya hau mulkin Tailan a 2001, cinikin da iyalinsa suka yi na kamfanin Shin Corp a farkon 2006 yana cikin abin da ya fito da mutane kan titi, kafin shekarar ta ƙare sojoji suka kifar da shi. Duk wanda zai koyar da cewa ɗan kasuwa ya fi iya mulki, amana ce a kansa ya kawo waɗannan ma a gani.

Ba wai ina cewa gwamnati ba ta da abin koyo daga kamfani ba ne, akwai sosai, kuma da a nan ya tsaya da na yaba masa. Tony Blair, yana firaministan Birtaniya, ya kafa wani ƙaramin ofis a 2001 ƙarƙashin Michael Barber wanda aikinsa kawai bin diddigin alƙawuran gwamnati da alƙaluma, kamar tsawon jira a asibiti da sakamakon makarantu. Michael Bloomberg da ya yi magajin garin New York daga 2002 zuwa 2013 ya kawo layin waya na 311 inda mutum zai kira ya kai kuka a rubuta a bi. Garuruwa da yawa a Amurka ma, tun daga Staunton a 1908, zaɓaɓɓun kansiloli ne ke ɗaukar ƙwararren manaja ya gudanar da gari kuma su sallame shi in ya gaza. Irin wannan aron yana da amfani saboda dabarar aiki aka aro, ba a taɓa ikon masu sa ido ba.

Sauran ƙananan abubuwa: ana iya sauke bidiyon a waya a kalla ba tare da data ba, wannan ya taimaka ƙwarai, sauti ma fes yake. Rubutun da ke bin magana a ƙasan bidiyo kuwa akwai kurakurai musamman a sunayen mutane, tambayoyin gwaji sun yi sauƙi da yawa har wanda bai kalli darasin ba zai iya cinyewa, dan haka satifiket ɗin kada ka ɗora masa buri. Na tura musu saƙo kan wani darasi da ya ƙi buɗewa, sun gyara amma sai da aka daɗe. Misalan ma kusan duk na manyan kamfanonin Amurka da Turai ne, mai shugabantar ƙaramin kamfani ko asibiti ko ƙungiyar agaji sai ya yi ta laluben inda abin ya shafe shi, kuma na yi mamakin yadda aka gama kwas guda kan shugabanci ba a tsaya kan Angela Merkel da ta yi shekara 16 tana jan ragamar Jamus ba, ko Indra Nooyi da ta riƙe PepsiCo daga 2006 zuwa 2018. Batun shirya magaji ma a gurguje aka wuce shi, alhali yana cikin manyan ayyukan shugaba.

Idan kai ɗalibi ne, ko an sa ka a hukumar daraktocin wani wuri, ko ɗan jarida ne mai bin harkar mulki, ka yi kashi na ɗaya da na biyu da biro da takarda a hannu, za ka ƙaru. Kashi na uku ka kalla amma ka riƙa yi masa tambayar da malamin farko ya koya maka. Su kuma masu kwas ɗin ina roƙonsu dan Allah su sake ɗaukar wannan kashin, su kawo wanda ya taɓa kare kasafin kuɗi a gaban majalisa ya zauna da malamin su yi muhawara a gaban ɗalibai.